Jami'a Da Maƙwabtanta: Darasin Samaru Ga Mutanen Suleja

Daga Wakilinmu, Suleja

Duk matafiyin da ya baro Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya hango Dutsen Zuma ya san ya iso ƙasar Suleja. Amma wanda ya san garin shekaru hamsin da suka wuce, lokacin da shi ake kira Abuja, in ya komo yau da kyar zai gane shi. A wancan zamani ɗan madaidaicin birni ne a tsakanin duwatsu da kurmi, Kogin Iku yana ratsa shi, itace da ruwa ba abin da ake tashin hankali a kansu ba ne. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon babban birnin tarayya, aka yanki ƙasa mai yawa daga wannan masarauta, har sunan ma aka ɗauka, garin ya koma Suleja domin tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Ran 12 ga watan Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja. Tun daga nan leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda, duk wanda kuɗin haya ya kora daga sabon birni, sai ya zo Suleja ya raɓa. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar, kuma kowa ya san tun daga lokacin ƙaruwa ake yi.

To, taron jama'a rahama ne, amma yana zuwa da nasa kaya. An yi gini a bakin rafi da kan hanyar ruwa, leda da robar ruwa sun toshe lambatu, 'yan garuwa sun zama su ne famfon unguwanni da yawa, motocin gawayi kuwa kullum suna shigowa daga dazuzzukan Jihar Neja. A watan Yuli 2017 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta rushe gidaje a Suleja, ta tafi da rayuka. A watan Mayu 2025 irin wannan masifa ta auka wa Mokwa, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, Suleja tana zaune a tsakiyar manyan jami'o'in gwamnati guda uku. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, wadda aka kafa a 1983. Akwai Jami'ar Abuja ta 1988, wadda ta fara zama a Gwagwalada, aka sauya mata suna zuwa na Janar Yakubu Gowon a ƙarshen 2024. Sa'an nan ga Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai, ta 2005. A cikinsu akwai injiniyoyin ruwa, da masana ƙasa, da masu tsara birane, da malaman gona. Tambayarmu ita ce, mene ne rabon talakan da ruwa ya ci gidansa a cikin wannan ilmi? Don neman amsa sai mu leƙa Zariya, mu ga yadda jami'a mafi tsufa a Arewa ta zauna da maƙwabtanta, inda ta dace da inda ta yi tuntuɓe.

Abin da manoma suka koya wa malamai

Leƙa Zariya ga mutumin Suleja leƙa gida ne. Daga can Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito a zamanin jihadi ya yo kudu, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, shi ya sa har yau sarautar nan take amsa sunan Sarkin Zazzau Suleja.

A Samaru, arewa maso yamma da birnin Zariya, Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a 1922. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga watan Oktoba 1962, sai tashar ta koma ƙarƙashinta, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. A lokacin, abin da malaman gona suke ɗora manomi a kai shi ne ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya, auduga zalla ko gyaɗa zalla, a jere, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Manomin Zazzau kuwa ya ƙi ji. Shi dai gero da dawa da wake, wani lokaci har da gyaɗa da kuɓewa, duk a gona guda. Masu ilmi da yawa suka ɗauka jahilci ne da taurin kai.

A tsakiyar shekarun 1960 wani Bature masanin tattalin arziki mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa na Samaru, suka ce bari su auna su gani. Suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka sa ma'aikata suna bin magidanta gona-gona har shekara ta zagayo, suna rubuta awa nawa aka yi ana aiki, me aka shuka, buhu nawa aka girbe, nawa aka sayar. Da aka gama lissafi sai ta bayyana ashe manomi ne mai gaskiya. Gonar da aka gauraya shuka ta fi ba da riba a kan kowace eka, ta kuma fi biyan wahalar da aka sha a watannin noman firi, lokacin da hannu yake ƙaranci. Bugu da ƙari ta fi tsira daga asara, domin in fari ya kashe dawa gero ya riga ya nuna, in ƙwari sun ci wake dawa tana nan. Shi kuma wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana rufe ta daga dukan ruwa, harawarsa ta ciyar da dabbobi, dabbobin su ba da taki.

Wannan bincike ya yi suna har ƙasashen waje, yana cikin ayyukan da suka sa masana aikin gona na duniya suka koma fara tambayar manomi dalilin abin da yake yi kafin su ce ya sake. Abin lura a nan, ba wani injin aka ƙera ba. Jami'a ce ta sauko daga kan kujera, ta zauna a kan tabarmar mai unguwa, ta saurara.

Ita ma jami'ar ta rama wa manomi alheri. Bayan farin farkon shekarun 1970, sai a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta mamaye Arewa, ta shafe gonaki ba adadi, tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Masana na Samaru, tare da cibiyoyin bincike na duniya, suka daɗe suna aure tsakanin iri da iri har suka fid da gyaɗa mai jure cutar, mai nuna da wuri. Duk irin da manomi ya ji sunansa ya fara da SAM, daga Samaru ya fito: SAMNUT gyaɗa ce, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. A cikin masarar akwai wadda aka fitar musamman don ta jure wuta-wuta. Akwai kuma sashen faɗakar da manoma, wanda tushensa ya faro daga 1963, mai isar da sakamakon bincike ta rediyo da ƙasidu da Hausa da gonakin gwaji a ƙauyuka.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Disamba 2019 aka amince da wani wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso. Masu binciken suka ce zai rage feshin magani daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Wasu ƙungiyoyi kuwa suka tashi haiƙan suna adawa, suna tsoron abin da zai biyo baya ga lafiya da kuma irin gado na manoma. Ko wane gefe mutum ya tsaya, gardamar ta nuna cewa amana tsakanin jami'a da jama'a ba a gama gina ta rana ɗaya, kuma duk abin da za a kai wa manomi sai an yi masa bayani da harshen da yake ji.

Tafki ɗaya, makoma ɗaya

Ruwan da ɗaliban Samaru suke sha daga madatsar Kubanni yake zuwa, wadda jami'ar ta gina a 1973 a kan Kogin Kubanni, kogin da yake gangarawa ya faɗa Galma. Madatsar ta jami'a ce, amma ƙoramun da suke cika ta ba su san katanga ba. Suna biyowa ta gonakin ƙauyawa da unguwannin garin Samaru, wanda shi ma albarkacin jami'ar ya bunƙasa. In aka sare itatuwan bakin ƙorama, aka yi huɗa har gaɓar ruwa, to ruwan farko zai kwashe ƙasar gona ya zuba ta cikin tafki. In mai gida ya zuba shara a lambatu, can za ta ƙare. Malaman sashen nazarin ƙasa na jami'ar sun sha auna zurfin tafkin, suna faɗakarwa cewa laka da yashi suna cike shi, ruwan da yake riƙewa yana raguwa.

Asarar ta kowa ce. Ƙasar da ta cike tafkin ita ce kitsen gonar manomi, wadda in ta tafi sai ya sayi takin zamani ya maye gurbinta. Jami'a kuma sai ta ƙara kuɗin tace ruwa. Saboda haka ko jami'a ta share harabarta tas, ta dasa furanni a kowace kwana, muddin ba ta shirya da mai gonar da ke sama da ita ba, ta yi aikin baban giwa. Wannan shi ne ainihin halin Kogin Iku a Suleja. Wanda yake tudu yana zuba shara, wanda yake kwari yana kwana da fargaba in hadari ya haɗu.

Alkawarin 1990 da maganar wuta

A watan Oktoba 1990 shugabannin jami'o'i 22 daga sassan duniya suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Talloires a ƙasar Faransa, suka sa hannu a wata takarda mai sharuɗɗa goma, suka yi alkawarin cewa jami'o'insu za su tattala ruwa da wuta, su rage ɓarna, su koya wa kowane ɗalibi kiyaye muhalli, su kuma haɗa kai da jama'ar waje. Mutane kaɗan suka san cewa a cikin waɗanda suka fara sa hannun akwai 'yan Nijeriya biyu: Farfesa Adamu Nayaya Muhammad, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na lokacin, da Farfesa Ayo Banjo na Jami'ar Ibadan. Watau ba a bar mu a baya ba wajen ɗaukar alkawari. Cika shi ne abin dubawa.

A Sakkwato an fara tun kafin wannan taro. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a jami'ar da yanzu take amsa sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Ma'aikatanta sun ƙera murhu mai cin itace kaɗan, da akwatin dafa abinci da zafin rana, da na busar da tumatir da tattasai, da ramin da ake tara kashin shanu ya ba da iskar girki. Sun kuma kai wutar hasken rana ƙauyen Kwalkwalawa da ke maƙwabtaka da jami'ar. A Kano kuwa, a watan Satumba 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar wuta mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa hasken rana da batura da injin, ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Wuta a Karkara. An sa Jami'ar Abuja a zagaye na biyu na wannan shiri.

Amfanin irin wannan aiki ya fito fili bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, sa'an nan a watan Afrilu 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu samun ta awa 20 a rana. Jami'o'i da dama suka koka cewa takardar kuɗin wuta tana neman haɗiye kuɗin gudanarwarsu gaba ɗaya. Rana kuwa ba ta aiko wa kowa takarda.

Amma fa akwai gyara. Murhun da aka ƙera a ɗakin gwaji, in bai kai hannun maƙerin kasuwa ya riƙa ƙera shi da araha ba, to abin nuni ne kawai na ranar bikin yaye ɗalibai. Haka kuma bai kyautu a ce ɗakin karatu yana haske tar, ƙauyen da aka karɓi gonakinsa aka gina shi yana kwana da fitilar batir ba. Kusan kowace jami'a a ƙasar nan a kan gonakin wasu take zaune, kuma rigimar iyaka da diyya tsakanin jami'o'i da ƙauyuka ba baƙuwa ba ce. Jami'ar da maƙwabta suke gani a matsayin wadda ta ƙwace musu ƙasa, ko itace ta dasa akuya za a sakar masa.

Suleja ta taɓa gwadawa

Kada mai karatu ya zaci sai an yi aro daga Zariya kaɗai. A cikin garin nan aka taɓa yin ɗaya daga cikin haɗin gwiwa mafi albarka tsakanin ilmin boko da sana'ar gado. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani gwanin ginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, aikin inganta wannan sana'a. Ya zaga Arewa yana neman wurin da ya dace, ya zaɓi Abuja ta wancan lokaci saboda yumɓu da ruwa da itace, da kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A gidan Sarki ya ga tuluna na wata mata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, ya tsaya yana mamaki. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar da ya buɗe, ita ce mace ta farko.

Cardew ya koya mata juya yumɓu a kan faifai, da shafe tukunya da sinadari mai ƙyalli wanda ake haɗawa da dakakken dutse da tokar itace, da gasa ta a wuta mai tsanani har ta daina yoyo. Amma bai raba ta da hannunta na gado ba. Ta ci gaba da gina randa da hannu kamar yadda ta koya a gida, tana zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikinta. Aka kai tukwanenta Landan aka nuna, ita kanta ta je Turai da Amurka tana gini a gaban ɗalibai. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba wannan mata, wadda ba ta yi makarantar boko ba, digirin girmamawa na Dakta. Ta rasu a Minna a watan Agusta 1984, hotonta yana bayan takardar naira 20.

Makarantar da ke ɗauke da sunanta ta ja baya ƙwarai daga baya, kuma wannan ma darasi ne: aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko ofis ɗaya, da an sauya shi yakan yi sanyi. Da a ce wata jami'a ta rungume ta tun da wuri, ta zama wurin koyon aiki na ɗalibanta, da yumɓun Suleja yana iya zama murhu mai tattalin gawayi da tukunyar tace ruwa a yau.

Abin da ya kamata a yi

Shawararmu ba ta bukatar miliyoyi kafin a fara. Da farko, kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai a Minna da Lapai da Abuja suna rubuta kundin kammala digiri, yawancinsu ƙura ce take cin su a kan kanta. Ƙaramar Hukumar Suleja da Majalisar Sarki su zauna su jera matsalolin gari, su miƙa wa jami'o'in nan su zama su ne batun bincike. Ɗaliban safiyo su zana taswirar Kogin Iku da ƙoramunsa, su nuna iyakar inda ruwa yake kaiwa, a manna taswirar a ƙofar gidan kowane mai unguwa, don kada a sake sayar wa baƙo fili a cikin kwari. Ɗaliban kimiyya su riƙa gwada ruwan rijiyoyi da na burtsatse da 'yan garuwa suke ɗiba, a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa da Gwaranci.

Na biyu, sharar kasuwa yawancinta ɓawon doya ne da ganye da ruɓaɓɓen kayan miya, abin da manoman kewayen Kano suka daɗe suna kwasa daga birni su kai gona. Sashen aikin gona yana iya koya wa matasa ware leda daga ciki, a mai da sauran taki. Masu jari-bola kuwa a ɗauke su abokan aiki, gama su suka fi kowa sanin abin da yake cikin juji. Tumbi da kashin dabbobi da ake zubarwa a mayanka su ne abincin irin ramin iskar girkin nan na Sakkwato.

Na uku, a kafa wurin renon itatuwa, jami'a ta ba da iri da sani, makarantun sakandare da masallatai da majami'u su karɓi dashe. A fifita itacen da mai gona yake da dalilin tsarewa, kamar ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da kashu. An sha yin bikin dashen itace a ƙasar nan da ganga da jawabi, bayan wata uku ba ko ɗaya a tsaye, saboda ba a ce ga mai shi ba.

Na huɗu, kuma shi ne uwa-uba, a rubuta yarjejeniya a sa mata kwamiti wanda mai unguwa da sarkin kasuwa da shugabar mata da wakilin manoma za su zauna a ciki kafaɗa da kafaɗa da farfesa, ta yadda ko an sauya shugaban jami'a ko na ƙaramar hukuma aikin zai ci gaba. Ɗaliban da za a turo kuma a ja musu kunne su fara da tambaya, kamar yadda aka yi a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Tsohuwar da ta shekara sittin a bakin Iku ta san inda ruwa ya taɓa kaiwa fiye da kowace na'ura.

Kuɗin talaka aka tara aka gina jami'o'in nan, 'ya'yansa ne kuma suke karatu a ciki. Damina ba ta jiran kowa ya gama shiri. Muna kira ga shugabannin jami'o'in uku, da Gwamnatin Jihar Neja, da Masarautar Zazzau Suleja, su zauna tun da rani, kafin hadarin farko ya taso daga gabas. Allah ya kiyashe mu da ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.